Dalar da Aka Zana wa Titian

Marmara dutse ne da ba ya yafe kuskure. Idan masassaƙi ya sare inda bai kamata ya sare ba, babu sauran gyara, sai dai a koma duwatsun Carrara a yanko wani, a jawo shi da shanu zuwa bakin teku, a jira jirgin da zai kai shi Rum. Wannan ne ya sa masassaƙan Turai na ƙarni na 18 ba sa ɗora kurfi a kan dutse sai sun gama gardama da kansu, sun kuma gama gardama da mai biyan kuɗi. Gardamar kuwa a kan takarda ake yin ta, da fensir da gawayi da tawada. Wanda ya tsaya gaban ginin da aka gama, hukuncin ƙarshe kawai zai gani. Wanda ya buɗe littattafan zanen shi zai ga abin da aka fara tunani, da abin da aka soke, da abin da aka ajiye wa wani mamacin daban.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata ɗalibi ya lura da kalmomin da za mu yi aiki da su. Kabari shi ne ramin da aka sa gawa, kushewa ma haka. Hubbare kuwa gini ne da ake yi a kan makwancin wani babban mutum, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato. Abin da Kiristocin Turai suka saba ginawa a jikin bangon majami'u ya fi kusa da hubbare, duk da cewa ya sha bamban da namu, domin nasu cike yake da siffofin mutane da aka sassaƙa, kuma sau da yawa babu gawa a cikinsa ko kaɗan. A wannan rubutu za mu kira shi hubbare, idan kuma babu kowa a ciki za mu faɗa.

A farkon ƙarnin, salon da ake yayi shi ne wanda ake kira Barok, mai son motsi da ƙyalƙyali da firgitarwa. Misalinsa mafi shahara shi ne hubbaren Paparoma Alexander na 7 da Bernini ya kammala a 1678 a majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Rum. Akwai ƙofa a ƙarƙashinsa, sai Bernini ya sa wani ƙwarangwal na tagulla yana kutsowa daga ƙarƙashin wani ƙaton mayafi na jan dutse, riƙe da agogon yashi, yana nuna wa paparoman cewa lokaci ya yi. Wannan al'ada ta daɗe. A 1761 an kafa wani hubbare a majami'ar Westminster ta Landan, aikin Roubiliac, inda ƙwarangwal ke fitowa daga rami yana auna wata mata da mashi, mijinta na ƙoƙarin kare ta da hannu. Manufar ita ce mai kallo ya razana.

Abubuwa biyu suka juya akalar. Na farko shi ne tono: an fara haƙa birnin Herculaneum a 1738, Pompeii kuma a 1748, biranen da dutse mai aman wuta ya binne tun zamanin Rumawa. Na biyu shi ne alƙalamin wasu Jamusawa. Winckelmann ya fitar da littafinsa na tarihin fasahar mutanen da a 1764, yana kira ga masu fasaha su koma ga natsuwa da sauƙin aikin Girkawa. Sai kuma Lessing, wanda a 1769 ya rubuta wata maƙala a kan yadda mutanen da suke siffanta mutuwa. Hujjarsa ita ce Girkawa da Rumawa ba da ƙwarangwal suke nuna ta ba. Matashi suke zanawa, ɗan'uwan barci, yana jingine da sandar wuta da aka kifar da kanta ƙasa don ta mutu. Cikin shekaru ashirin wannan matashi ya kori ƙwarangwal daga takardun masu zane, daga baya kuma ya kore shi daga bangon majami'u. Salon da ya fito daga nan shi ne masana suke kira sabon salon gargajiya, wato komawa ga tafarkin Girka da Rum.

Mutumin da ya fi kowa kafa wannan salo a aikin hubbare shi ne Antonio Canova, wanda ake furta sunansa Kanoba. An haife shi a 1757 a Possagno, wani ƙauye a ƙasar Benis. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, kakansa mai sana'ar fasa dutse ya rene shi, don haka ya san nauyin guduma kafin ya san alƙalami. Ya fara zuwa Rum a 1779, jakadan Benis a can, Girolamo Zulian, ya ɗauke shi a ƙarƙashin inuwarsa. A 1783, yana da shekara ashirin da 'yan kai, aka ba shi aikin da manyan masassaƙan birnin ke kwaɗayi: hubbaren Paparoma Clement na 14 a majami'ar Manzanni. Wani attajiri, Carlo Giorgi, wanda ya yi arziki a zamanin paparoman, shi ya biya, abokinsa mai aikin ɗab'in hotuna Giovanni Volpato kuma shi ya kawo sunan Canova.

Wurin da aka ba shi yana da matsala irin wadda Bernini ya fuskanta, wato akwai ƙofa a tsakiya, wadda ke shiga ɗakin ajiyar kayan ibada, kuma ba za a toshe ta ba. Canova ya bar ƙofar yadda take, baƙa ƙirin, ba tare da ya sa wani abu ya fito daga cikinta ba. Ya jera aikin hawa uku a kanta: a ƙasa wata mata a zaune da ɗan rago, alamar tawali'u, a tsakiya wata ta sunkuya a kan akwatin gawa, alamar kamun kai, a sama paparoman a kan kujera ya miƙa hannu. Babu launi, babu mayafin da iska ke kaɗawa. Sai dai wannan tsari bai zo masa lokaci ɗaya ba. Ƙananan siffofin yumɓu da suka saura daga 1783 sun nuna cewa da farko wata mata ya ƙera a tsaye, lulluɓe da mayafi, alamar taƙawa, daga baya ya cire ta ya sa mai sunkuyawar. Dalilin a fili yake ga wanda ya dubi ginin: mace a miƙe za ta yi gogayya da paparoman, mai sunkuyawa kuwa tana jan ido daga ƙasa zuwa sama. An buɗe aikin a 1787, daga ranar Canova ya zama na gaba a Rum.

A nan ya dace a bayyana matakan aikinsa, domin ta haka ne za a gane matsayin zane. Matakin farko shi ne abin da Italiyawa ke kira tunanin farko: 'yan layuka da fensir, cikin gaggawa, a littafin aljihu, mutanen ciki ba su da fuska, wani lokaci ma ba su da hannu. Wanda ya saba ganin marmarar Canova mai sulɓi kamar an shafe ta da mai zai yi mamakin kaushin waɗannan zane. Bayan haka sai nazari. Yana sa mutum ya tsaya masa, tsirara ko lulluɓe da zane, ya zana yadda kafaɗa ke sauka idan mutum ya sunkuyar da kai, da yadda tufafi ke naɗewa a gwiwa. Yana yin wannan a kai a kai kamar mai bitar karatu, har yana rubuta kwanan wata a kan da yawa daga cikin takardun. Daga takarda sai ya koma yumɓu, ya murɗa ƙaramar siffa wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, kuma har yau ana ganin sawun yatsunsa a jikin wasu. Kimanin sittin ne suka rage daga irin waɗannan, an nuna fiye da rabinsu a Washington a 2023.

Idan ƙaramar siffar ta gamsar, sai a ɗaura ƙarafa a gina babbar da yumɓu daidai girman da ake so. Wannan shi ne abin da Canova ya nace a kai, saɓanin da yawa daga magabatansa da ke tsallakawa daga ƙarami zuwa dutse. Sai a zuba filasta a ɗauki siffar, a farfasa yumɓun. A jikin filastar ake kafa ƙananan ƙusoshi na tagulla birjik, kamar mai zanen zube. Ma'aikata su ɗauki kamfas su auna tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, su mayar da awon kan marmara, su sare har sai ya rage kaɗan. Sa'an nan maigidan ya karɓa ya yi hannun ƙarshe. Abin lura shi ne, a duk wannan doguwar hanya, wurare biyu ne hannun Canova ke aiki shi kaɗai: a farko, kan takarda da ƙaramin yumɓu, da kuma a ƙarshe, kan fatar dutsen. Tsakiyar aikin lissafi ne da gumin wasu.

Akwai kuma wani nau'in zane wanda ba don mai fasaha ake yin sa ba. Shi ne wanda ake kai wa mai kuɗi. Ana tsara shi da rula, a tsarma tawada da ruwa a yi inuwa don ya fito kamar an riga an gina shi, a ja ma'auni a ƙasa don a san tsawo da faɗi. Wani lokaci a raba takardar biyu, hagu da wata shawara, dama da wata, mai kuɗi ya zaɓa. Wannan takarda kusan yarjejeniya ce, kuma a kanta ake ciniki, domin kowace siffa da aka ƙara tana nufin ƙarin dutse da ƙarin shekara.

Hubbaren Paparoma Clement na 13 a majami'ar Waliyyi Bitrus, wanda dangin Rezzonico suka biya aka kuma buɗe a 1792, ba sai mun daɗe a kansa ba. A nan ne matashin Lessing ya bayyana ƙarara, da fukafukai, a kishingiɗe, sandar wutarsa a kife, ga zakuna biyu a ƙasa, ɗaya a farke ɗaya yana barci. Masu rubuta tarihin Canova sun rawaito cewa ranar buɗewa ya sa tufafin limamin coci ya saje da jama'a don ya ji abin da ake faɗa.

Zanen da ya fi kowane tasiri kuwa shi ne wanda bai samu ginuwa ba a lokacinsa. Titian, babban mai zanen Benis, ya rasu a 1576 lokacin annoba, aka binne shi a majami'ar Frari ba tare da wani gini na a zo a gani ba. Wajen 1790 Zulian da wasu manyan birnin suka ga cewa abin kunya ne, suka nemi Canova ya tsara hubbare. Ya shafe kimanin shekara biyar yana juya shawarar, a takarda da yumɓu da katako, kuma wasu daga cikin samfuran suna nan a gidajen tarihi na Benis da Possagno. Abin da ya tsaya a kai shi ne dala, jingine da bango, da ƙofa a buɗe a gindinta, da 'yan matakala, da jerin masu makoki suna hawa suna nufar ƙofar, zakin Benis kuma na kwance a gefe.

Dala ba baƙuwa ba ce a hubbaren Turai. Raphael ya yi amfani da ita a Rum tun ƙarni na 16, Pigalle kuma ya sa ta a bayan hubbaren Marshal de Saxe a Strasbourg. Amma a wajensu bango ce kawai, ana jingina siffofi a gabanta kamar labulen dandali. Canova ya huda ta ya mayar da ita ɗaki, sai dukan tsarin ya juya: mutanen da ke gabanta suka daina fuskantar mai kallo, suka ba shi baya ko gefe, suna tafiya zuwa duhu. Mai kallo ya zama na ƙarshe a layi. Ana iya zaton cewa yaƙin Napoliyon a Masar ne ya kawo wannan siffa, amma lissafin shekaru bai yarda ba, domin Napoliyon ya sauka Masar a 1798, bayan an gama waɗannan zane. Dalar da Canova ya sani da idonsa tana cikin Rum: ta Gaius Cestius, wadda aka gina wajen shekara 12 kafin Miladiyya, mai tsawon kimanin mita 36, wadda rubutun jikinta ya ce an gama ta cikin kwana 330. Tana da tsini sosai, ta fi kama da dalolin Nuba da ke Sudan a yau a kan na Giza, kuma wasu masana na danganta hakan da yaƙin da Rumawa suka kai ƙasar Kush 'yan shekaru kafin gina ta. Idan haka ne, siffar ta yi doguwar tafiya daga bakin Nilu kafin ta isa littafin aljihun ɗan Possagno.

Zulian ya rasu a 1795. A 1797 Napoliyon ya kawo ƙarshen Jamhuriyar Benis, wadda ta shekara sama da dubu, ya miƙa birnin ga Ostiriya. Babu sauran mai zancen tara kuɗi don Titian. Zanen ya koma akwati.

Irin wannan makoma ba ta Canova kaɗai ba ce. A Faransa, Étienne-Louis Boullée ya zana hubbaren Newton a 1784, alhali Newton ya riga ya kwanta a Westminster tun 1727 kuma babu wanda ya nemi a yi masa wani. Ƙwallo ce ta dutse mai tsawon mita 150, ta ɗara babbar dalar Giza, kewaye da itatuwa hawa-hawa. An huda samanta da ƙananan ramuka yadda hasken rana zai shigo kamar taurari, wanda ke ciki ya ga dare da tsakar rana. Da dare kuma a kunna wata ƙatuwar fitila a tsakiya. Babu maginin zamanin da zai iya ɗaga irin wannan rufi, kuma Boullée ya san haka. A wajensa takardar ita ce aikin. Tana ajiye a babban ɗakin karatu na Faransa, kuma ɗaliban gine-gine sun fi saninta a kan gidajen da ya gina da gaske. Bambancinsa da Canova shi ne Canova ɗan mai fasa dutse ne, duk abin da ya zana yana lissafin yadda zai tsaya da ƙafafunsa.

Dama ta zo daga Biyana. A watan Yunin 1798 Maria Christina, 'yar Sarauniya Maria Theresa, ta rasu. Mijinta, Albert na Saxe-Teschen, mutum ne da ya ƙare rayuwarsa wajen tara zanen hannu, kuma tarinsa ne ya zama gidan Albertina da ake zuwa gani a yau. Wato Canova ya gamu da mai kuɗin da ya san karatun takarda. A wannan shekara Canova ya je Biyana, Albert ya ba shi aikin, shi kuma ya fito da dalar Titian ya kaɗe mata ƙura.

Sake amfani da zane yana da wuyar da ba a gani da farko. Masu makokin Titian fasahohi ne, zane da sassaƙa da gini, an ba su siffar mata. Matar sarauta ba ta bukatar waɗannan. Albert yana son kowace siffa ta ɗauki sunan wata ɗabi'a ta matarsa, yadda aka saba, don mai ilimi ya karanta ginin kamar rubutu. Canova ya amince da sunayen, amma ya sassaƙa mutanen yadda ko wanda bai san sunayen ba zai fahimta. A gaba wata yarinya ta riga ta sa kai cikin ƙofar. Bayanta wata doguwar mata, wadda aka kira Nagarta, ta rungume tulun toka ta ɗora goshinta a kansa, wata yarinyar na biye. Can ƙasa wata mata, wadda aka kira Kyauta, tana jan wani tsoho makaho da sandarsa, ga ƙaramin yaro a tare da su. Yaro da budurwa da babba da tsoho, kowa hanya ɗaya ya nufa. Wata shimfiɗa ta marmara ta malalo daga bakin ƙofar zuwa matakala kamar ruwa, ta haɗa su duka. A ɗaya gefen zaki ya kwantar da kai, matashi mai fukafukai ya jingina da shi. Ita marigayiyar ba ta samu mutum-mutumi ba. Fuskarta kawai aka sa a wani faifai can sama, maciji mai cizon wutsiyarsa ya kewaye shi, alamar dawwama. Rubutun da ke kan ƙofar kalmomi uku ne na Latin, ma'anarsu daga Albert zuwa ga mafificiyar mata.

A ganina wannan shi ne ƙololuwar aikin Canova, kuma sirrinsa yana cikin abin da aka rage. Paparomomin biyu suna zaune ko durƙushe a saman hubbarensu, su ne abin kallo. A Biyana abin kallo shi ne ƙofa. Wanda ya bi takardun da ke Bassano zai ga cewa wannan tafiya ta masu makoki ta daɗe tana cin ransa: ya yi ta zana mata lulluɓe suna tafiya a jere, ya kuma yi manyan zane da launi ɗaya a kan ɗanyen ƙyalle, duk a kan jana'iza da kuka, ba don sayarwa ba. An kafa hubbaren a majami'ar Augustiner a 1805, 'yan watanni kafin sojojin Napoliyon su shiga Biyana a watan Nuwamba. Babu kowa a cikinsa. Gawar Maria Christina tana makabartar gidan sarauta a majami'ar Capuchin, tafiyar 'yan mintoci daga wurin.

Ba kullum mai fasaha ke rinjaye ba. Da mawaƙin nan Vittorio Alfieri ya rasu a Fulorans a 1803, abokiyar zamansa, Gimbiyar Albany, ta nemi Canova. Shawararsa ta farko allo ne na marmara, irin na kaburburan Girkawa, da siffofi marasa zurfi a jikinsa, har ya kai shi matakin filasta, kuma filastar tana Possagno. Gimbiyar ta ga bai kai darajar mamacin ba, tana son siffa cikakkiya. Canova ya koma takarda. Abin da aka buɗe a majami'ar Santa Croce a 1810 shi ne wata ƙatuwar mata, da kambi mai siffar ganuwar birni, ta jingina da akwatin gawa tana kuka. Matar ita ce Italiya, ƙasar da a lokacin babu ita a taswira sai tarin masarautu a ƙarƙashin baƙi. Masu fafutukar haɗa kan ƙasar sun riƙe wannan siffa shekaru hamsin masu zuwa, ba tare da yawancinsu sun san cewa ƙorafin mai biyan kuɗi ne ya tsayar da ita ba. Wani aikin kuma bai ko kai nan ba: bayan mutuwar Nelson a 1805 Canova ya tsara masa hubbare har zuwa samfuri, amma Ingilishi suka ba ɗan ƙasarsu John Flaxman aikin da ke majami'ar Waliyyi Bulus.

A waɗannan shekaru ne kuma doka ta sauya kasuwar. A 1804 Napoliyon ya ba da umarnin a daina binne mutane a cikin majami'u da tsakiyar gari, aka faɗaɗa umarnin zuwa Italiya a 1806, abin da ya tunzura Ugo Foscolo ya rubuta doguwar waƙarsa a kan kaburbura a 1807. Manyan makabartu suka buɗe a bayan gari, Père Lachaise a Faris a 1804, Certosa a Bologna tun 1801. Lauya da likita da ɗan kasuwa suka fara son abin da a da sai paparoma da basarake. Ba su da kuɗin Canova, amma hotunan ayyukansa da aka ɗab'a suna yawo ko'ina, shi da kansa ya ɗauki nauyin buga su. Ƙananan masu zane suka riƙa tsinto dala daga nan, zaki daga can, matashi mai kifaffiyar wuta daga wancan. A Bologna, inda marmara ke da tsada, an kai ga zana hubbaren da fenti a jikin bango, yadda daga nesa za a ɗauka dutse ne, kuma sai makarantar fasaha ta birnin ta duba takardar ta amince kafin a fara. A irin wannan wuri tazarar da ke tsakanin zanen shiri da aikin da aka gama ta kusa ɓacewa.

Canova ya rasu a Benis ranar 13 ga Oktoba 1822. Aka raba gawarsa yadda ake yi wa waliyyai a can: jikin aka kai Possagno, inda ya fara gina wata majami'a da kuɗinsa, hannun dama aka ba makarantar fasaha ta Benis, zuciyar kuma aka ware wa majami'ar Frari. Shugaban makarantar, Leopoldo Cicognara, ya buɗe asusu, kuɗi suka zo daga sassan Turai. Da aka zo zaɓen tsari, almajiransa ba su zana sabo ba. Sun ɗauko samfurin Titian, wanda aka yi domin wannan majami'a tun farko, suka raba siffofin a tsakaninsu su shida, suka gama a 1827. Zuciyar tana bayan ƙofar a cikin wani tulu na jan dutse. Aikin bai kai na Biyana ba, hannu shida ba sa tafiya da numfashi ɗaya, kuma dalar ta yi wa bangon girma.

Ɗan'uwansa na uwa ɗaya, Giovanni Battista Sartori, shi ya gaji kayan aikin. Ya kwashe filastocin daga Rum zuwa Possagno ya gina musu zaure a shekarun 1830, zanen hannu kusan dubu biyu da wasiƙu kuma ya ba gidan tarihi na Bassano del Grappa. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsashin igwa ya faɗo ta rufin zauren ya farfasa filastoci da dama, wasu har yau babu kai. Takardun da ke Bassano sun tsira.

Titian kuwa sai da ya ƙara jira. A 1838 Sarkin Ostiriya Ferdinand na 1 ya ba da umarnin a yi masa hubbare, aka ba Luigi Zandomeneghi, ɗaya daga cikin shidan da suka yi na Canova, tare da ɗansa Pietro. Suka gina wata babbar ƙofar nasara cike da siffofi, mai zanen na zaune a tsakiya, aka buɗe ta a 1852. Tana ɗaya ɓangaren majami'ar, daura da dalar da aka fara zanawa dominsa shekara sittin kafin nan.